Filin Wasa na Tunawa da Sardauna a Gusau: Tambayoyi da Amsoshi

Da wuya a zauna a majalisar masu son ƙwallo a Gusau, ko a Tudun Wada ne ko a Sabon Gari ko a Samaru, a tashi ba a taɓo zancen filin Sardauna ba. Wani ya tuna zamanin da manyan ƙungiyoyin ƙasar nan ke zuwa, wani ya yi ƙorafin ciyawa, yaro kuma ya tambayi dalilin sunan. Ga tambayoyin da aka fi yi, da amsar kowace gwargwadon nauyinta.

Wane fili ake nufi?

Babban filin wasa na jihar Zamfara, wanda ke cikin garin Gusau. A takarda sunansa Filin Wasa na Tunawa da Sardauna, a bakin mutane kuwa "filin Sardauna" ne, ko "sitadiyam" kawai. Shi ne gidan ƙungiyar Zamfara United.

Me ya haɗa Sardauna da Gusau har aka sa wa filin sunansa?

Matasa da yawa suna ɗauka cewa an sa sunan ne don kawai Sir Ahmadu Bello babban mutum ne a Arewa, kamar yadda ake sa sunansa a tituna da makarantu ko'ina. Alaƙarsa da Gusau ta wuce haka nesa.

An haife shi a Rabah a 1910, jinin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ne ta wajen Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Ya yi karatu a Kwalejin Katsina, ya koyar a Midil ta Sakkwato, sannan ya zama hakimin Rabah a 1934. Da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya rasu a 1938, yana cikin waɗanda suka nemi sarautar, amma Allah ya ba Abubakar na Uku. Sabon Sarkin Musulmi ya naɗa shi Sardauna, ya turo shi Gusau ya kula da gundumomin gabashin ƙasar Sakkwato. Ke nan a garin nan ya fara ɗaukar nauyin mulki mai faɗi, ya san haraji da jangali, ya san 'yan kasuwar gyaɗa da auduga, ya san halin talakawan karkara, shekaru kafin ya zama Firimiyan Jihar Arewa a 1954. An kashe shi a Kaduna ranar 15 ga Janairu, 1966.

Akwai kuma abin da ya sa sunan ya dace da filin wasa musamman. Sardauna ɗan wasa ne tun yana Katsina. Ya shahara a wasan fayibs, wanda ake buga ƙaramar ƙwallo da tafin hannu a jikin bango, kuma bai bar shi ba har bayan da ya zama Firimiya. Mutum ne da ya ɗauki motsa jiki a matsayin wani ɓangare na tarbiyya. Babban filin Kaduna ma sunansa yake ɗauke da shi, kuma can ne aka buga wasu wasannin gasar matasa ta duniya a 1999 da ta 'yan ƙasa da shekara 17 a 2009. Na Gusau bai kai wancan girma ba, amma ina ganin ya fi shi kusanci da rayuwar mai sunan.

Yaya ƙwallon ƙafa ta kafu a garin da aka sani da kokawa da dambe?

Ta biyo hanyar da ta bi a sauran garuruwan Najeriya: makaranta, bariki, da tashar jirgin ƙasa. Gusau, garin Malam Sambo Ɗan Ashafa, ya bunƙasa ne sosai bayan da layin dogo daga Zariya ya ratsa shi ya wuce Kaura Namoda a ƙarshen shekarun 1920. Jirgi ya kawo kamfanonin sayen gyaɗa da auduga, ya kawo ma'aikata daga kudu da arewa, Sabon Gari ya cika. Duk inda ma'aikatan reluwe suka sauka a ƙasar nan, da tamaula suke sauka. Ƙungiyar reluwe ta Legas ce ma ta mamaye Kofin Gwamna a shekarunsa na farko, bayan an fara shi a 1945. Arewa ta fara ɗaga wannan kofi a 1953 ta hannun 'yan wasan Kano. Daga baya masaƙa da sauran masana'antun Gusau suka ƙara tara matasa masu albashi da lokacin yamma, su kuwa makarantu suna ta yaye yara da suka iya wasan.

Kokawa da dambe ba su je ko'ina ba. Lokacinsu bayan kaka ne, idan amfanin gona ya shigo gida. Ƙwallo kuwa ba ta jiran kaka, kowace yamma tata ce.

Zamfara United ta taɓa buga babbar gasar ƙasa a nan?

Ƙwarai kuwa. Bayan da gwamnatin Janar Sani Abacha ta ƙirƙiro jihar Zamfara daga tsohuwar jihar Sakkwato ranar 1 ga Oktoba, 1996, Gusau ta tashi daga matsayin babban gari a cikin jiha ta zama hedikwata, filinta kuma ya zama na jiha. Zamfara United ta hau har ta kai gasar Firimiya, ta yi kakar wasa da dama a can a ƙarshen shekarun 2000, a zamanin da Kano Pillars ta ɗauki kofinta na farko a 2008, Bayelsa United ta ɗauka a 2009, Enyimba a 2010. Duk waɗannan ƙungiyoyi abokan karawarta ne a lokacin. Wanda ya kalli ƙwallo a Gusau a shekarun nan ya san yadda gari ke canzawa ranar da babbar baƙuwa ta sauka: tun azahar masu kabu-kabu ke jigila, mai shago ya rufe da wuri, wanda bai samu shiga ba ya tsaya a waje yana auna wasan da ihun 'yan kallo.

Ƙungiyar ta faɗo a ƙarshen kakar 2010/2011, tun daga nan take fafutuka a ƙananan rukunoni. Ga wanda bai san tsarin ba: gasar Firimiya ce a sama da ƙungiyoyi 20, sai gasar ƙasa ta rukuni na biyu, sai ta uku wadda ƙananan ƙungiyoyi suka cika. A Firimiya kowace ƙungiya tana buga wasa 38, 19 daga ciki a gidanta. Wasa 19 a kaka ba ƙaramin abu ba ne ga gari, domin kowane ɗaya kasuwa ce ga mai rake da mai ruwan leda da mai masauki.

Filin na wane ne, ƙungiya ko gwamnati?

Na gwamnatin jiha ne, kamar yadda ƙungiyar ma ta gwamnati ce. Haka abin yake kusan ko'ina a Arewa: filin Giginya a Sakkwato, filin Haliru Abdu a Birnin Kebbi, filin Muhammadu Dikko a Katsina, filin Sani Abacha a Ƙofar Mata, Kano. Shirya wasanni da rajistar ƙungiyoyi da alƙalan wasa kuwa aikin hukumar ƙwallon ƙafa ta jiha ne. Daga kujerar shugabancin wannan hukuma ta Zamfara ne Alhaji Ibrahim Musa Gusau ya tashi ya zama shugaban hukumar ƙwallon ƙafa ta Najeriya, a zaɓen da aka yi a birnin Benin na jihar Edo ranar 30 ga Satumba, 2022.

Wannan tsari yana da amfani, yana kuma da illa. Amfaninsa shi ne talaka yana da haƙƙi a filin, tunda da kuɗin jama'a aka gina shi. Illarsa ita ce lafiyar filin tana rataye da ra'ayin wanda ke kan mulki. Idan mai son wasa ne, a ga fenti da ruwa. Idan hankalinsa na wani wuri, ciyawa ta bushe ba wanda ya tanka.

Ban da wasan Zamfara United, me ake yi da fili irin wannan?

Wasan babbar ƙungiya shi ne mafi ƙaranci a cikin ayyukansa, sau ɗaya ne a mako biyu idan ana cikin kaka. Sauran ranakun na wasu ne. Akwai gasar kofin jiha, wadda daga ita ake fitar da wakilan da za su shiga kofin ƙalubale na ƙasa, kuma a nan ne ƙaramar ƙungiyar unguwa ko ta wata ƙaramar hukuma daga cikin 14 da jihar ke da su take samun damar taka fili ɗaya da manya. Akwai gasar makarantu da guje-guje da tsalle-tsalle. Akwai masu zuwa da sassafe su zagaya don lafiyar jiki, daga ma'aikaci mai fama da hawan jini har saurayin da ke shirin gwajin shiga soja ko ɗan sanda. Filin jiha kuma wuri ne da ya dace da fareti da manyan taruka, ga shi ranar 1 ga Oktoba biki biyu ne a Zamfara, na 'yancin kan Najeriya da na samun jiha.

A cikin duk waɗannan, wanda na fi ba muhimmanci shi ne na yara. Yaron da ya saba buga ƙwallo a kan turɓaya tsakanin gidaje, da duwatsu biyu a matsayin raga, ranar da ya fara tsayawa a tsakiyar cikakken fili ya ga nisan da ke tsakaninsa da gola, ranar ce yake gane wasan da yake yi. Bugun da ke ratsa lungu ba ya kai rabin wannan fili. Numfashinsa ya ƙare kafin minti 20. Daga nan ne ake sanin wanda zai dage da atisaye da wanda zai koma kallo.

To taron jama'a ba ya lalata filin?

Yana lalatawa, kuma ya kamata a faɗi gaskiya. Ba tafin ƙafar mutane ne babbar matsalar ba, duk da cewa dubban mutane a tsaye suna danne ƙasa har ruwa ya kasa shiga. Abin da ke kashe fili shi ne ƙarafan rumfa da ake kafawa, da motocin da ake shigowa da su har tsakiya, da dandamalin da ake bari kwana da kwanaki a kan ciyawa. Ramin turken rumfa ɗaya ya isa ya gurɗe ƙafar ɗan wasa bayan wata guda.

Ba na cikin masu cewa a hana taro gaba ɗaya. Jama'a ne suka biya kuɗin ginin, kuma gari yana bukatar wurin haɗuwa. Amma a sa ƙa'ida wadda ba ta san babba ba: mota ba ta hawa ciyawa, ba a kafa ƙarfe a cikin layi, wanda ya karɓi aron fili ya ajiye kuɗin gyara tun kafin ya shiga.

Me ya sa ciyawa ke wahalar rayuwa a filayenmu?

Ruwa. Duk wani bayani yana biyo bayan wannan ne.

A yi lissafi. Filin da aka fi so a manyan gasanni tsawonsa mita 105 ne, faɗinsa mita 68, wato murabba'in mita 7,140. Idan ana so a jiƙa shi da ruwa mai kaurin milimita 1 kacal, lita 7,140 ke nan. A watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafin Gusau ke haura digiri 40, ciyawa na iya shan milimita 5 ko fiye a rana guda. Ya zama sama da lita 35,000. A jarkar 'yan ga-ruwa mai lita 25, an haura jarka 1,400, kullum, a garin da magidanci ke tsaye bakin ƙofa yana jiran kura ɗaya. Damina kuwa wata huɗu ce zuwa biyar, sauran shekara sai abin da rijiyar burtsatse ta bayar. Rijiya tana son famfo, famfo yana son wuta, wuta tana son janareto ko hasken rana, kuma duk suna son mutumin da zai tashi da asuba ya kunna.

Wanda ya taɓa tsayawa kusa da mai kula da fili a irin wannan yanki ya ga aikin da ido. Da sanyin safiya yake jan tiyo daga wannan kusurwa zuwa waccan, yana duba gaban raga, inda gola ke tsayawa, don nan ne ke fara zama fako. Yakan ciro ƙiri-ƙiri daga gefen fili da 'yar ƙasarta ya dasa a wurin, ya danna da diddige, ya kewaye da igiya. Ƙiri-ƙiri ita ce ciyawar da ta fi jure mana, tana yaɗo, tana jure taku, idan ta bushe da rani ta ga ruwa sai ta farfaɗo. Amma ita ma tana son taki, tana son aski a kan lokaci, kuma gara na cin saiwarta. Da damina kuma matsalar ta juya: idan ba a yi wa ƙarƙashin filin hanyar tsiyayar ruwa ba, ruwan sama na awa ɗaya ya isa ya mai da shi fadama.

Fili kamar gonar lambu yake, ranar da aka daina zuwa ranar ya fara mutuwa. Shi ya sa albashin mai ban-ruwa da kuɗin man famfo suka fi kujerun alfarma muhimmanci a kasafin kowane filin wasa.

Ciyawar roba ba ta raba gardama ba?

Ta rage wata wahalar, ta kawo wata. Ba ta bushewa, kuma ana iya buga wasa uku a kanta a yini, abin da ciyawar gaske ba za ta ɗauka ba. Ga garin da ƙungiyoyi suka yi yawa fili ya yi kaɗan, wannan babbar riba ce. Sai dai da rana tana ɗaukar zafi fiye da ƙasa, har ɗan wasa ya ji shi ta cikin takalmi, wanda ya zame a kai kuma fatarsa ta sale. Ana zuba mata yashi da garin roba a tsakanin zaren, kuma dole a riƙa share ta da injin buroshi don kada ta daskare. Ƙurar hunturu tana cika ta. Bayan shekara 8 zuwa 10 sai an ɗaga an shimfiɗa sabuwa. Akwai kuma ta zamani mai haɗi, wadda ake cakuɗa zaren roba da ciyawar gaske, ita ma ba ta rabu da ruwa ba.

Akwai ƙayyadadden girman da doka ta sa?

Akwai. A wasan ƙasa da ƙasa tsawo mita 100 zuwa 110, faɗi mita 64 zuwa 75. Raga faɗinta mita 7.32, tsayinta mita 2.44. Daga layin raga zuwa inda ake ajiye ƙwallo a bugun fanareti mita 11 ne. Hanyar gudu da ke kewaye fili, idan akwai ta, zagaye ɗaya mita 400 ne.

Me ya sa kusan kullum ƙarfe 4 na yamma ake take wasa?

Saboda rana ta fara sanyi, an idar da La'asar, kuma minti 90 da hutun rabin lokaci na minti 15 za su ƙare kafin Magariba. Wannan lokaci ya dace da rayuwarmu, amma rashin fitilu ne ya mai da shi dole. Inda akwai fitilu masu ƙarfi da wutar da za ta riƙe su, ana iya wasa bayan Isha'i, wanda a bazara da watan azumi ya fi sauƙi ga ɗan wasa da ɗan kallo. Dokar wasa ta ba alƙali damar tsayar da wasa na minti ɗaya da rabi zuwa uku don 'yan wasa su sha ruwa su huce idan zafi ya yi tsanani, kuma a Gusau wannan dama ba ado ba ce.

Idan Zamfara United ta koma Firimiya, kai tsaye za a dawo da wasa filin?

Sai masu shirya gasar sun zo sun duba sun amince. Suna duba lafiyar ciyawa, da shingen da ya raba 'yan kallo da 'yan wasa, da ɗakunan sauya kaya na ƙungiyoyi biyu da na alƙalai, da bayi da ruwa, da wurin 'yan jarida da masu ɗaukar hoto, da ƙofofin shiga da fita, da motar ɗaukar marasa lafiya a bakin fili. Filin da ya gaza, ƙungiyarsa sai ta yi aron gida a wata jiha, kuma ya faru da ƙungiyoyi da dama a ƙasar nan. Babu abin da ke karya ƙungiya kamar wannan. Ga kuɗin mota da masauki a kowane mako, ga rashin magoya baya, ga yaran gari sun rasa abin kallo.

Gaskiya ne a gasar Najeriya ba a cin mai gida?

An daɗe ana faɗin haka, kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Wani ɓangaren halal ne: baƙo ya kwana a hanya, bai san filin ba, bai saba da iskar hunturu mai busar da maƙogwaro ba, ga dubban mutane suna yi masa ihu. Wani ɓangaren kuwa abin kunya ne, wato tsoratar da alƙalin wasa, da jifa, da kutsawa cikin fili. Hukuncin wannan sananne ne: tara, ko kwashe maki, ko a rufe ƙofa a buga ba 'yan kallo, ko a kori ƙungiya zuwa wani gari. Duk wanda ya ɗaga dutse a filin Sardauna, ƙungiyarsa ya jefa.

Ina faɗin wannan da zafi don ina son filin. Baƙon da ya ratso hanya mai nisa ya zo Gusau, a lokacin da wasu ke jin tsoron sunan jihar ma, haƙƙinsa ne ya koma gida yana cewa mutanen nan sun karɓe mu da mutunci. Idan ya ci mu, ya ci. A tafa masa, a jira zagaye na biyu.

Matsalar tsaro ta shafi harkar filin?

Ta shafa. Ƙungiyoyinmu a mota suke tafiya, kuma hanyoyin da ke shigowa Gusau, ta Funtuwa da ta Sakkwato da ta Kaura Namoda, duk sun ga tashin hankali a shekarun nan. Tafiyar dare ta zama abin gudu. Yaro mai basira a ƙauye, wanda a da malamin wasanni zai ɗauko shi ya kawo shi gasar jiha, yanzu wataƙila iyayensa sun yi hijira, makarantarsa ma a rufe.

Wannan ne kuma ya ƙara wa filin daraja a idona. Gusau ta cika da matasa, 'yan gari da waɗanda rikici ya koro. Wuraren da saurayi zai je da yamma ya gaji da gajiya mai amfani, a ƙarƙashin idon koci da ke tambayarsa dalilin da ya sa bai zo jiya ba, ba su da yawa. Ban ce ƙwallo za ta kawo ƙarshen ta'addanci ba. Na ce yaron da ke da atisaye ƙarfe 4 yana da inda ake jiransa, kuma mai sayar da ƙwaya ya san da haka.

Ana maganar sake gina filin. Me ya kamata jama'a su sa wa ido?

Gwamnatin Dauda Lawal, wadda ta hau mulki a 2023, ta ɗauko aikin sabunta filin, kuma duk mai son wasa ya yi murna. Abin da zan roƙi 'yan'uwana masu kallo shi ne kada hankalinmu ya tsaya a kan hoton ranar buɗewa. A tambayi rijiya nawa aka haƙa, kuma me zai riƙa juya famfunan. A tambayi su wa aka koya wa kula da ciyawar, 'yan gari ne da za su zauna ko baƙi ne da za su tafi da ɗan kwangila. A tambayi ko an ware kuɗin gyara na kowace shekara. A duba ko mai keken guragu zai iya shiga ya zauna, ko akwai wurin alwala da salla, ko bayin zai yi aiki bayan wata shida.

Sannan babbar tambaya: wa zai samu shiga? Sau da yawa idan aka gyara fili ya yi kyau, sai a garƙame shi don kada ya lalace, yaran da suka raya shi lokacin da yake turɓaya su koma leƙe ta ƙofa. Maganin wannan shi ne jadawali a rubuce, a manne a bakin ƙofa, mai nuna ranar babbar ƙungiya, da ranar makarantu, da ranar ƙungiyoyin unguwa, tare da ƙananan filayen atisaye a gefe don a rage wa babban nauyi. Kada ya zama sai yaro ya tsaya yana cewa mai gadi, "Baba, don Allah bari mu shiga hili," shi kuma ya ce, "Ɗana, ba ni da iko, sai an zo da takarda daga ofis."

Gidajen kallon ƙwallon Turai ba su riga sun kwashe 'yan kallo ba?

Sun kwashi da yawa. Yaro a Gusau zai lissafa maka 'yan wasan Arsenal ko Barcelona har da na benci, amma bai san sunan golan jiharsa ba. Ban ga laifinsa ba, abin da aka nuna masa ya sani. Sai dai akwai abin da talabijin ba ta bayarwa. A fili za ka ji ƙarar takalmi a jikin ƙwallo, ka ji mai tsaron baya yana yi wa abokinsa tsawa, ka ga yadda ɗan gaba ke satar taku tun ƙwallo tana nesa, abin da kyamara ba ta bi. Kuma wanda ke cikin rigar ɗan unguwarku ne, gobe za ku haɗu a masallaci. Masu shirya wasa su ma su taimaka, su daina haɗa lokacin wasan gida da na manyan wasannin Ingila idan da hali, su kuma sanar da wuri a rediyo da Facebook.

Magidanci zai iya zuwa da 'ya'yansa?

Zai iya, kuma ina ƙarfafa hakan, musamman a wasannin makarantu da na kofin jiha, inda cunkoso bai cika yawa ba. Ya zo da wuri, ya zauna ɓangaren rumfa kusa da ƙofar fita, ya riƙe hannun ƙananan, idan an tashi kuma ya ɗan jira turmutsutsu ya wuce. Ya kamata hukuma ta keɓe wuri na iyali da mata, mai ƙofarsa daban, domin 'yan mata na makarantu suna gudu suna tsalle, kuma iyayensu mata suna da haƙƙin su zauna cikin mutunci su kalle su.

Wanda zai je karo na farko, me zai tanada?

Kuɗin tikiti da canji a hannu, hula ko lema idan ɓangaren rana zai zauna, da ruwan sha. Da hunturu ya ɗauki abin rufe hanci, don ƙura na tashi idan jama'a suka motsa. Ya yi La'asar kafin ya shiga. Ya sayi tikiti a tagar da aka tanada, ya karɓi takardarsa, kada ya miƙa wa wani kuɗi a bakin ƙofa don a zura shi ta gefe, domin kuɗin ƙofa na cikin ɗan abin da ake lissafawa a matsayin kuɗin shigar ƙungiya. Babur kuma ya kai shi wurin masu ajiya, ya karɓi lamba.